Wayarka ba ta san "bayan gidan mai" ba: neman wuri a Ingila

A gida in za ka yi wa baƙo kwatance, cewa kake yi ya wuce gidan mai, ya sha kwanar farko, ya tambayi mai shayin bakin masallaci. To ɗan'uwa, da ka sauka a Heathrow ko filin jirgin Manchester, naɗe wannan ka sa a jaka. Nan ba mai shayi a bakin layi, gidajen kuma duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Wayarka ce 'yar jagora, ita kuwa tana da nata hanyar fahimtar magana.

Abu na farko da za ka haddace, tun kafin lambar sabon layinka, shi ne foskod (postcode) ɗin gidan da ka sauka, wato lambar adireshi ta gidan waya. Haruffa ne da lambobi, kashi biyu. Kashin farko yana nuna gari da yanki: M14 a Manchester yake, wajen Rusholme, SE15 kuma Peckham ce a kudu maso gabashin Landan, inda 'yan Najeriya suka yi kaka-gida. Kashi na biyu shi ke matse wurin ya kawo ka kan layi, galibi gidaje kamar 15 ne ke tarayya a foskod guda. A Norwich aka fara gwada tsarin a 1959, ya game ƙasar a 1974, yanzu kuwa kusan komai a kansa yake rataye. Shafin NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, zai tambaye ka shi kafin ya nuna maka likitocin da ke karɓar mutanen yankinka. Da shi za ka gano ƙaramar hukumarka da ranar kwashe shara. Mai kawo saƙo da direban tasi, shi suke fara nema.

Sunan titi shi kaɗai tarko ne. Satina na biyu na rubuta "Station Road" a manhajar tasi, na danna na farkon da ya fito, sai ga ni a wata unguwa da ban taɓa jin sunanta ba, ana yayyafi, mai masaukina yana can yana jira. Manhajar ba ta yi laifi ba: titunan da ke da wannan suna sun fi a ƙirga, kuma da ta rasa wanda nake nufi sai ta zaɓo wanda ta ga ya fi kusa ko ya fi shahara. Garuruwan ma haka. Akwai Stratford a gabashin Landan, akwai Stratford-upon-Avon can wajen Birmingham. Akwai Ashford a Kent, akwai wata kusa da Heathrow. Kafin ka biya kuɗin tikitin jirgin ƙasa, karanta sunan har ƙarshe.

In sabon gini ka kama, mai yiwuwa adireshinka bai shiga kundin kamfanin gidan waya na Royal Mail ba tukuna, wanda daga shi yawancin shafukan saye da sayarwa ke ɗauko adireshi. A nan sai ka tura wa mai zuwa ɗigon wurinka ta WhatsApp.

Ta yaya ma wayar ke sanin inda kake? Tana sauraren taurarin ɗan'adam na GPS, tana duba ƙarafan sabis da ke kewaye, tana kuma gane waifai ɗin maƙwabta ko da ba ka shiga ba. Shuɗin ɗigon da ke taswira kai ne. In ka ga wani faffaɗan da'ira ya kewaye shi, wayar kintace take yi, kuma hakan na yawan faruwa a tsakiyar dogayen gine-gine ko in ka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ɗan dakata ya tsuke kafin ka bi kibiyar. In kuma ka hana ta izinin ganin wurinka, sai ta koma ga adireshin intanet ɗinka, wanda gari kawai yake iya nunawa, wani lokaci ma ba garinka ba. Ga inda sababbin zuwa ke rikicewa: layin gida da ka taho da shi, datarsa kan zaga ta Najeriya ko Nijar kafin ta fita, don haka wasu shafuka sai su ɗauka kana Kano, su yi ta nuna maka farashi da naira. VPN, wato manhajar da ke zagaya datarka ta wata ƙasa, ma haka take yi. Gangara ƙasan shafin sakamakon Google, yana rubuta inda yake zaton kake.

Da ka rubuta "near me", wato "kusa da ni", wajen neman wani wuri, Google da kansa ya ce abu uku yake aunawa: dacewar wurin da abin da ka nema, nisansa, da kuma shahararsa. Shi ya sa na farko a jeri ba lallai ne ya zama mafi kusa ba. Wanda aka rubuta "Sponsored" a kansa kuwa kuɗi ya biya.

Maganar dacewa ita ce ta fi shafar mu, domin manhajar kalmomin da masu shago da masu sharhi suka rubuta take bi, su kuma ba Hausa suka rubuta ba. Daddawa a shagunan 'yan Afirka, waɗanda da yawansu na 'yan'uwanmu na kudu ne, "iru" ko "locust beans" za ka nema. Zoɓo "hibiscus" ne, a wajen mutanen Jamaika kuma "sorrel". Aya "tiger nuts". Gero ka leƙa shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan ka ce "bajra", tsamiya "imli", kuɓewa "bhindi". Ni dai na fi samun gero mai kyau a wajensu, kuma da sauƙi. Masallaci ma kada ka tsaya kan "mosque": gwada "masjid" da "Islamic centre", don da yawa tsofaffin gidaje ne ko shaguna aka mayar, ba hasumiya ba kubba. Kalmar "halal" da ka gani a taswira kuwa, sau tari mai shagon ne ko wani mai sharhi ya rubuta, ba wanda ya tantance. In ka isa, duba takardar HMC ko HFA, ƙungiyoyin da ke tantance abincin halal, a jikin gilashi, ko ka yi tambaya, ba abin kunya ba ne.

Sai alƙibla. Mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas", a Landan alƙibla kudu maso gabas take, kusan digiri 119 daga arewa. Manhajar alƙibla tana lissafa ta daidai daga inda kake, amma kamfas ɗin wayar ƙarfe na ruɗa shi, ɗakunan nan kuma kowanne da ƙarfen ɗumama ɗaki a bango. Matsa tsakar ɗaki, ka juya wayar a iska kamar kana zana 8, ka gwada a wuri biyu ko uku. Lokutan salla kuma, da bazararsu ta yi nisa dare kan gajarce har manhajoji su saɓa da juna sosai kan Isha da Asuba, saboda kowacce da ƙa'idar lissafinta. Karɓi jadawalin masallacin unguwarku ka manna a firij. Ka kuma bar wayar ta riƙa saita agogo da kanta: Lahadin ƙarshe ta Maris ana tura shi gaba da awa ɗaya, mu daidaita da gida, Lahadin ƙarshe ta Oktoba a dawo da shi, gida ya riga mu da awa guda. Ka tuna da wannan kafin ka ce wa Hajiya za ka kira ta ƙarfe takwas.