Yadda za ka samu malamin da zai ja ka cikin bincike tun kana aji uku

Wannan na ɗaliban lissafi da fiziks ne a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), kodayake zai yi wa na sauran jami'o'in Kano amfani.

1. Kada ka jira aji huɗu, lokacin da kowa ke rububin malamin furojet. Fara tun zangon farko na aji uku.

2. Zaɓi darasi ɗaya da ya kwanta maka. Nemi sunan malamin a Google Scholar, shafin neman takardun bincike a intanet, ka sauke takarda ɗaya da ya wallafa. Ba za ka gane rabinta ba, kuma ba komai. Karanta gabatarwa da sakamakon, ka rubuta tambayoyi biyu a kan inda ka kakare. Su ne jarinka.

3. Je ofishinsa bayan azahar, ba ranar da jarrabawa ta ƙarato ba. Yi sallama, ka gaisa, sannan: "Malam, na karanta takardarka, ga inda ban gane ba." Malamai sun gaji da masu zuwa roƙon maki, wannan daban ne.

4. Koyi LaTeX, tsarin rubuta takardun lissafi a kwamfuta, a shafin intanet na Overleaf, kyauta ne, da ɗan Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta.

5. Duk aikin da ya ba ka, ko ƙanƙane, kawo shi ranar da kuka yi alƙawari.