Yadda za ka zaɓi lokacin shuka a lambun gida

Kafin ka sayi iri, fara tantance watan da shukar za ta yi fure, da kuma ruwan da za ka samu a wannan watan, sannan ka ƙirga baya ka gano ranar shuka.

Tumatir ne ya fi buƙatar wannan lissafi, domin furensa yakan zube idan zafi ya wuce digiri 35, a Kano da Jigawa kuwa zafin Afrilu yakan kai 40. Saboda haka ka yafa irin a bedi, wato fangalin renon tsiro, cikin Oktoba, ka yi dashe bayan mako uku zuwa huɗu, domin furen ya fito cikin sanyin Disamba da Janairu. Manoman rani na Kadawa da Kura suna iya jinkirtawa saboda suna da ruwan madatsar Tiga. Kai kuwa rijiya ce madogararka, kuma rijiya takan ja baya da bazara, daidai lokacin da shukar da aka makara take neman ban ruwa safe da yamma. Latas da kabeji da karas su ma na hunturu ne. Albasa takan yi mako shida zuwa takwas a bedi, don haka ita ce za ta riga kowa shiga ƙasa. Sai dai kada ka dasa komai kafin ka kafa darni, domin da an gama girbi ake sakin awaki.

Kayan miyar damina, wato kuɓewa da rama da yakuwa da kabewa, ba su da wahala, amma ruwan farko yakan yaudari mai gaggawa. Zuwan shamuwa alama ce cewa damina ta kusa, amma ba dalilin shuka ba ne, domin sau da yawa akan yi ruwa a watan Mayu ya ɗauke na tsawon kwanaki, tsiro ya ƙone. Ka jira ruwa ya zauna, yawanci cikin Yuni, ka tona ƙasa ka ga damshi ya kai zurfin tafin hannu. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara yana taimakawa, ko da yake a ganina ƙasar lambunka ta fi shi faɗin gaskiya.

Idan ruwa yana kwanciya a wurin, ka ɗaga kunya tun kafin markar Agusta. Alayyafo kuwa kana iya shuka shi a kowane wata muddin akwai ruwa, kuma cikin wata guda za ka fara yanka.