Tsakanin La'asar da Magariba: Yadda Ake Shirya Zaman Shayi, Ruwan Randa da Inuwa

Akwai jin daɗin da sai an tara kuɗi, akwai kuma wanda kayansa suna nan a kusan kowane gida: inuwa, ruwa mai sanyi, ɗan kofin shayi, da mutum biyu ko uku waɗanda za ka iya yin shiru a gabansu ba ka ji nauyi ba. Wannan na biyun arha ne, amma ba ya son gaggawa, kuma yana da ƙa'idojinsa. Yawancin masu ƙorafin cewa shayinsu ɗaci kawai yake yi, ko randarsu ba ta sanyaya ruwa, wani ɗan mataki suka tsallake.

Fara da lokaci. Ka zaɓi guda ka riƙe shi, har mutanen gida da abokai su san da shi. Mafi dacewa shi ne daga sallame la'asar zuwa kiran magariba, wajen ƙarfe huɗu zuwa shida, lokacin da rana ta yi sanyi. Akwai kuma dalilin lafiya. Sinadarin da ke hana barci a cikin shayi yakan ɗauki kimanin sa'a biyar kafin jiki ya rage rabinsa. Wanda ya sha mai ƙarfi da ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyu zai yi yana juyi a kan katifa da rabin abin a jikinsa.

Wurin zama ba ya buƙatar dogon bayani. A share, a yayyafa rabin bokitin ruwa don ƙura ta kwanta, a jira minti goma ƙasa ta tsotse kafin a shimfiɗa tabarma. In ka shimfiɗa tabarmar kaba a kan danshi za ta yi fumfuna cikin 'yan kwanaki. Ta roba ba ta da wannan matsalar, sai dai tana riƙe zafi tana sa gumi, don haka a bazara ta kaba ta fi. In gindin darbejiya ne, duba cinnaka tukuna.

Randa

Ruwan randa yana da wani sanyi mai laushi da ƙamshin ƙasa wanda na firiji ba shi da shi, kuma ba ruwansa da ɗauke wuta. Yadda take aiki shi ne, jikin yumɓu cike yake da ƙananan ƙofofi. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar nan ita ke janye zafin ruwan da ke ciki. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don adana tumatir da ganye, har ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000.

Wanda ya gane wannan ya gane duk kurakuran da ake yi. Randar da aka shafa wa fenti ko siminti a baya ta daina numfashi, ta koma bokiti. Wadda aka cusa a lungun da iska ba ta ratsawa ba za ta yi sanyi ba. A girke ta a inuwa, inda iska ke wucewa, a kan tulin yashi da ake jiƙawa safe da yamma, a rufe bakin da faifai ko murfi. A bazara da hunturu, da iska ke bushe, ruwan har haƙori yake kamawa da asuba. A watan Agusta kuwa, da iska ta cika da danshi, sanyin kaɗan ne, kuma wannan ba laifin randar ba ne.

Sabuwar randa a cika ta, ta kwana, a zubar, sau biyu ko uku kafin a fara sha. Wanki duk bayan kwana biyu ko uku, da soso da ruwa zalla. Sabulu yana shiga ƙofofin yumɓu, sai ka yi mako kana shan ƙamshinsa. Bayan wanki, in ta ɗan sha iska, a kife ta a kan kasko mai garwashi da ɗan kajiji na minti biyar zuwa goma, sannan a zuba ruwa. Moɗa guda mai mariƙi ita ce ta ɗiba, a juye a kofi a sha, ba a kafa mata baki a mayar. Randa sanyaya ruwa take yi, ba ta kashe ƙwayar cuta, saboda haka abin da aka zuba mata ya zama mai tsabta tun asali.

Shayin gawayi

Nan ne aikin yake. Shi ne shayin da Buzaye suka shahara da shi, wanda samari ke dafawa a fada, wato majalisarsu ta hira, a Damagaram da Maraɗi da Yamai, wanda kuma a zangunan Ghana, irin su Nima a Ankara, ake kira ataya. Zagaye uku ake yi da ganye ɗaya, kuma daga hura wuta zuwa kofin ƙarshe sa'a ɗaya da rabi ne zuwa biyu. Wanda ba shi da wannan lokacin gara ya je wajen mai shayi a haɗa masa da madara, ba abin kunya ba ne.

Kayan aiki na mutum huɗu: 'yar butar ƙarfe irin shuɗiyar nan mai cin kofi shida, ƙananan kofunan gilashi huɗu masu cin kamar mililita 70, tire, ƙaramin kurfoti, mafici, gawayi cikin tafi biyu, sukari, ɗanyen na'a-na'a, da koren ganyen shayi na ƙasar Sin. Ganyen iri biyu aka fi samu a kasuwa. Akwai dunƙulalle kamar ƙwayar dawa, wanda za ka ga lamba 3505 a kwalinsa, akwai kuma mai tsayi a lanƙwashe, mai lamba 4011 ko 41022. Kowanne ka saya, buɗe ka sansana. In warin ajiya ya fi ƙamshin ganye, ko gari ya taru a ƙasan kwali, ya tsufa.

Wuta ta fi komai ɓata shayi. A jira gawayi ya yi ja, toka ta fara rufe shi, hayaƙi ya ɗauke, sannan a ɗora buta. Masu hura wuta da leda su daina: warinta yana kama kumfa, hayaƙinta kuma guba ne. Gawayin icce mai ƙarfi irin na ƙirya yana kai ka har zagaye na uku ba ƙari, na icce mai taushi kuwa tartsatsi ne da toka.

Zagayen farko. Zuba ganye kusan cikin kofi ɗaya, gram 25 ke nan, daidai da ƙaramin ƙunshin da ake sayarwa. Zuba masa rabin kofin ruwan zafi, ka jujjuya butar, ka zubar. Wannan wankin yana fitar da ƙura da wani ɓangare na ɗacin da ke shaƙe maƙogwaro. Sai kofi biyar na ruwa, huɗu na masu sha, ɗaya na wuta. A bar shi ya yi ta ɓararraka a hankali na minti goma sha biyar. In wuta ta yi yawa zai taso ta hancin buta, ya kashe garwashi, ya tayar da toka a kan kofuna. Da ka ji murfi ya fara rawa, ɗaga butar ka rage gawayi ɗaya ko biyu.

Sauke, ka zuba rabin kofin sukari. Ba a sa cokali. Tsiyaya kofi ɗaya ka mayar cikin buta, sau uku ko huɗu, har sukarin ya narke.

Sai kumfa, wadda ita ce adon abin kuma da ita ake gane gwani. Cika rabin kofi, ka riƙa juye shi tsakanin kofi biyu. Fara daga ƙasa-ƙasa, kana ɗaga hannu a hankali har ya kai kamar kamu ɗaya, zaren shayin siriri ba yankewa. Sau goma sha biyar zuwa ashirin kumfa za ta cika sulusin kofi. Ka mayar da ruwan cikin buta, ka bar kumfar, ka yi wa sauran kofunan haka. In kumfa ta ƙi, abu uku ne: ko shayin ya yi tsararo, ko ba a sa sukari ba tukuna, ko kofin yana da maiƙo. Hannun da ya taɓa ƙosai ya riƙe bakin kofi ya gama da kumfar ranar. Sabon hannu ya koya a kan tire da ruwan sanyi, don shayi mai sukari in ya zuba a yatsa ƙunarsa ba wasa ba ce.

Kafin nan shayin ya huce, sai a mayar da buta kan wuta minti biyu. A ɗauraye bayan kofuna don kada su yi danƙo, ba tare da ruwa ya shiga cikin kumfa ba. Mai dafawa ya ɗanɗana, sannan ya tsiyaya a hankali, rabin kofi ko ya ɗara kaɗan. Babba ake fara miƙa wa, da hannun dama. Kurɓa uku ko huɗu ne, da ɗan ƙara ma ba laifi, a mayar da kofi, don in mutane sun fi kofuna yawa wani yana jira.

Na farkon nan yana da ƙarfi ƙwarai. A kan yunwa yana sa jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji, shi ya sa soyayyar gyaɗa ko aya ko dabino ba sa rabuwa da tiren. Mai olsa da mai juna biyu su jira na uku, yara ma haka, shi ma kaɗan.

Zagaye na biyu da ganyen nan dai za a yi, a ƙara kofi biyar na ruwa, minti goma zuwa goma sha biyar. A nan na'a-na'a ke shiga, reshe uku ko huɗu wankakku, a minti biyun ƙarshe. In ta daɗe tana tafasa sai ta yi baƙi, ƙamshin ya gudu, ya bar ɗaci. Mai son kanumfari ya tsaya a ƙwaya biyu, na ukun yakan danne komai. Masana shayi da yawa na biyun nan suke jira, kuma suna da gaskiya: ɗaci ya sauka, zaƙi bai yi yawa ba. Na uku kuwa ruwan zinare ne marar nauyi, minti goma ya isa, wasu su watsa gyaɗa a cikin kofin.

A yi lissafin sukari, don nan ake cutuwa ba a sani ba. Kofin mililita 70 yana ɗaukar kimanin gram 60. Rabin kofi a kowane zagaye, gram 90 ke nan a zama ɗaya, kowa cikin mutum huɗu ya sha gram 22 da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce wajen gram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Masu juye cikakken kofi kowane zagaye sun kusa cinye kason yini a zama guda, ba a ƙirga na koko da na lemon kwalba ba. A rage da kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa. Haka kuma a bar sa'a guda tsakanin cin abinci da shayi, domin yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, abin da ya fi shafar mata masu ƙarancin jini.

A hunturu, sanyi yakan sa a shige ɗaki da kurfoti a rufe ƙofa da taga. Kada a yi. Garwashi yana fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai da kasala da jin barci, kuma tana kisa. A zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa ko a tsakar gida ake dafawa. Duk wanda ya ji waɗannan alamu, a fitar da shi iska nan take, a nufi asibiti.

Abin da ke kashe zaman

Shayi zai iya yin kyau zama ya lalace. Waya ce ta farko: a kife ta a gefen tabarma, in kira ya shigo a tashi a amsa a dawo. Sai yawan jama'a, domin in an haura mutum shida hira takan rabu biyu, buta kuma ba ta isa. Maganar bashi a yi ta a gefe bayan an tashi. Gulma tana da daɗi a baki, amma kowa zai koma gida yana tunanin me ake faɗi ranar da bai zo ba. Ganye da sukari da gawayi a yi karo-karo na mako, ko kowa ya ɗauki ranarsa, don wanda kullum shi ke saye zai gaji bai faɗa ba, sai dai a ga ya daina fitowa.

Majalisar da ta fara da hantsi ta kai dare kuwa ta tashi daga hutu ta koma zaman kashe wando, kuma masu yin ta su ne suka fi kowa kukan gundura. Daɗin kofin yana ga wanda ya yi aiki ya gaji, ya kuma san ladan zai tashe shi. In ba a samu abokin zama ba, mutum ɗaya ma yana yi: rabin ganye, kofi biyu da rabi na ruwa, da rediyo ƙasa-ƙasa.

Ragowar garwashi kada a yar. A ɗauki biyu a kasko, a barbaɗa musu ɗan toka, a ɗora turaren wuta kamar cikin ƙaramin cokali. In aka sa shi a kan jar wuta tsirara ƙonewa zai yi, ƙauri ya maye gurbin ƙamshi. Minti biyar ya ishi ɗaki, taga a buɗe, a kuma nisanta shi da jariri da mai asma.

Sauran gawayin a binne shi da yashi, gobe zai sake kamawa. Ganyen a juye shi a gindin bishiya, kada ya kwana a buta, don yana tsami ya bar wari. A ɗauraye butar da ruwa kawai, a bar murfin a buɗe ta bushe. Kofuna su ne ke son sabulu, a ɗauraye su sosai a kife a tire. Sannan a cika randa tun kafin a kwanta, a jiƙa yashin gindinta, ta samu iskar dare.