Kafin ku ɗauki shatar kwale-kwale a Tiga ko Challawa

Jama'a, masu shirin fita yawon yini a dam har da tsayawa yin iyo, ku fara da Sarkin Ruwa na wurin, shi ya san matuƙin kirki. Ku yi cinikin zuwa da dawowa tare, a ba da rabi, sauran sai an sauke ku. Ku duba da idonku akwai rarar fetur a jarka, filafili biyu ko injin zai mutu, da kwanon kwarfe ruwa. Rigar kariya kowa da tasa, a ɗaure ta tun a gaɓa. In matuƙi ya ce mutum goma, goman ne. Lodi ne ya kifar da jirgin Bagwai a 2021.

Ku tashi da hantsi, ku dawo kafin la'asar, domin da damina iskar hadari kan taso da yamma ba sallama.

Wurin iyo ne aka fi yin ganganci. A kashe inji tukuna, a ɗaure jirgi a wani tsibiri, a gwada zurfi da gora. Kada kowa ya yi alkafura daga jirgi, ƙarƙashin dam cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ga ragar masunta mai harɗe ƙafa. Ruwan ƙasa ya fi na sama sanyi, yana iya sa ƙafa ta riƙe. Babba ɗaya ya zauna cikin jirgi da igiya yana ƙirga kawuna.

Ku guji gaɓa mai ciyawa, nan dodon koɗi mai yaɗa tsargiya yake. Yaron da ya fara fitsarin jini bayan makonni, a kai shi asibiti.