Yadda za ka saurari Blackjazz ba ka kashe shi tun minti na farko ba

Ran da na fara sa faifan kiɗan nan na Blackjazz a fadarmu nan Yamai, shayi na biyu bai ko dahu ba wani abokina ya ce don Allah in kashe, wai kamar injin niƙa ya lalace. Kuma laifina ne, ta lasifikar salula na sa shi. To abu na farko ke nan, ka nemi ekuter mai kyau ko baful babba, in ba haka ba ƙarar gita za ta haɗiye komai, saksofon ɗin ma ba za ka ji shi ba sam.

Faifan na ƙungiyar Shining ne ta ƙasar Norway, ya fito a 2010, kuma mutanen nan da jaz zalla suka fara kafin su shiga metal, wato kiɗan gita mai nauyi da tsananin ƙara, shi ya sa busar Jørgen Munkeby, mai saksofon ɗinsu, ba ado ba ce da aka liƙa daga baya, ita ce ƙashin bayan kiɗan.

Amma kar ka faɗa masa kai tsaye. Fara da "21st Century Schizoid Man" ta ƙungiyar King Crimson ta 1969, inda gita da saksofon ke tafiya tare ƙafa da ƙafa, ka ji ta sau biyu sau ukku har kunnenka ya riƙe ta, sannan ka je waƙar ƙarshe ta Blackjazz, ita ce dai suka sake yi, sai dai sun ƙara mata wuta sosai. Da yake ka riga ka san hanya ba za ka ɓace ba.

Dabarar da ta fi yi min aiki wallahi ita ce algaita. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar sarki ran salla ya san yadda algaita ke ratsa ganguna ta fito sama tsaf, kunne ya bi ta, ganguna na ta nasu a ƙasa. Haka za ka yi, kama saksofon ka bi shi, ka bar sauran su yi ta ruri. A saurare na gaba sai ka koma kan mai ganga, kuma kar ka ce sai ka kaɗa kai huɗu-huɗu, lissafin nasu yana karyewa, da gangan ne.

In ya yi maka nauyi huta da faifan Where Owls Know My Name na ƙungiyar Rivers of Nihil, 2018, can busar ta fi sanyi. Waƙa biyu a zama guda sun isa, kuma rage ƙara kaɗan, kunne ba a sayen sabo.