"Birai Kawai Muka Gani": Kurakuran Masu Zuwa Yankari da Sauran Wuraren Hutunmu

Na gaji da jin magana guda a bakin masu dawowa daga Yankari: "Wallahi babu komai a wurin, birai kawai muka gani." Ka tambayi mai maganar yaushe ya je, zai ce maka a watan Agusta, lokacin dogon hutun 'yan makaranta. Ƙarfe nawa ya isa? Bayan azahar. Ya kwana? A'a, kafin magariba ya juyo. Wanda ya yi haka bai ba dajin damar nuna masa komai ba, kuma abin da ke ci mini rai shi ne zai koma unguwa ya hana mutum goma zuwa.

Babban kuskure, wanda ya haifi sauran, shi ne zuwa da damina. Yankari ba gidan zu ba ne da aka kulle zaki a keji yana jiran ka. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma dabbobin da ke cikinsa neman ruwa da abinci ne ke juya su. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa. Da rani ya yi nisa, tafkuna da kududdufai sun ƙafe, dole giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza su gangaro bakin Gaji su sha, kuma hanyoyin motar zagaye ta wannan fadama suka bi. Ciyawa ta bushe ta kwanta, ganye ya zube, idonka na kaiwa nesa. Da damina kuwa ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa inda kake. Ciyawa ta fi tsayin mutum, ɓauna na iya tsayawa taku ashirin daga gare ka ba ka gan ta ba. Giwaye ma sukan bazu har su fita gonakin ƙauyukan da ke gefen dajin, abin da manoman yankin suka daɗe suna kuka da shi. Ga tsando, ga hanyoyi sun yi laka. Mai zuwa a Agusta kamar mai zuwa kasuwar ƙauye ne ranar da ba ta ci: rumfunan suna nan, amma babu kowa a ciki.

Wannan abu ya taɓa ci mini kuɗi ya kuma zubar mini da mutunci a gaban manya. Ƙanin mahaifina ya zo Bauchi daga Katsina da iyalinsa, tsakiyar damina, ya ce sai na kai su. Na ce, "Baffa, a bari sai bazara, yanzu ba za a ga abin kirki ba." Ya ce, "Kai dai kai mu, ɗana, yanzu ne yara ke hutu." Ba a yi wa baffa gardama. Na ɗauki hayar bas, na kama ɗakuna, na biya kuɗin shiga da na zagaye. Muka yi ta yawo cikin kore shar, tsando na cizon yara suna kuka, abin da muka gani bai wuce mugun dawa da wasu tsuntsaye ba. Har yau in zancen ya taso a zuri'armu sai wani ya ce ai Yankari suna ne kawai. Kuɗin ban damu da su ba kamar wannan shaidar da aka yi wa wurin ba da haƙƙinsa ba.

Ni dai yanzu ba na kai kowa sai tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Afrilu. Na san zafi ne, yakan kai awo 40 a ma'aunin Celsius, amma zafin nan shi ne ke koro dabbobin zuwa ruwa. Mai yara ya nufi hutun zango na biyu, wanda ke faɗowa wajen Afrilu, ya bar dogon hutu don ziyarar dangi. Wanda ba ya jure zafi ya je da hunturu, Disamba ko Janairu. Zai ga dabbobi daidai gwargwado, sai dai ba kamar na bazara ba.

Zuwa a dawo a yini guda shi ma ɓarnar kuɗi ce. Mutane suna ɗauka da sun kai ƙofar Mainamaji, wato babbar ƙofar shiga dajin, sun iso. Daga ƙofar nan zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai sauran tafiyar kilomita kusan 42 a cikin daji, ban da wadda ka yi daga Bauchi zuwa Dindima, da daga can zuwa ƙofar. In ka bar gida da hantsi, tsakar rana za ka isa, lokacin da kowace dabba ta shige inuwa. Zagayen da ke da amfani na sassafe ne da na bayan la'asar. Saboda haka a kwana. Ni nakan isa da azahar, in yi zagayen yamma, in kwana, in sake fita da gari ya waye. Abin da ya ɓuya jiya sau da yawa yakan bayyana yau.

Kuma a daina zuwa da buri guda na ganin zaki. Akwai zakuna a Yankari, yana cikin wurare biyu da suka rage da su a Nijeriya, shi da dajin Kainji, amma kaɗan ne kuma da dare suke harkarsu. Wanda ya gani ya yi babbar sa'a. Giwayen ma, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, ba alƙawari aka yi maka ba. In ka kafe a kan zaki za ka wuce garken kanki ba ka kalla ba, ka wuce kada a bakin ruwa, ka wuce tsuntsayen da nau'insu ya haura 350 a dajin.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata mini rai, wato yadda mutane ke wasa da gwaggon biri. Ku ji tsoron Allah ku daina ba su abinci! Duk ƙarfin halin da biran sansanin Wikki ke da shi, baƙi ne suka koya musu. Saurayi zai jefa biskit don ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ya hau mota ya tafi, ya bar wa na bayansa bala'i. Birin da ya saba samu a hannun mutum ba ya sake jiran a ba shi, fizgewa yake yi, kuma ya fi raina mata da yara. Babban namijinsu yana da fiƙa masu tsawo, ba dabbar wasa ba ce.

Wata tafiya muna gangarawa matakalar da ke kaiwa ruwan ɗumin Wikki, wasu samari a gabanmu suna ta wurga musu gyaɗa. Na yi musu magana suka yi dariya. Da gyaɗar ta ƙare suka wuce, sai wani ƙato ya juyo kanmu, ya fizge jakar da ke hannun yayata, ya haye bishiya da ita. A cikin jakar akwai maganin hawan jinin Inna, akwai makullin motata da na ba ta ajiya don zan shiga ruwa. Muna kallo ya yage ta, ya watsar da komai cikin duhuwa. Yaya tana ta salati, Inna tana cewa, "Ku bar masa, kada ya ji wa wani ciwo." Muka tsinci abin da ya tsintu, makulli dai bai fito ba. Sai da aka ɗauko shatar mota daga Bauchi aka kawo mini na ajiya da wani maganin, muka ƙara kwanan da ba mu shirya ba, Inna ta kwana ba ta sha maganinta ba, ni kuwa ban runtsa ba saboda fargaba. Duk wannan a kan gyaɗar naira nawa?

Tun daga ranar nake da dokokina, kuma duk wanda zai bi ni sai ya bi su. Makullin mota a wuyana yake, a jikin igiya, ƙarƙashin riga. Magani kashi biyu nake yi, rabi a ɗaki, rabi a mota. Babu mai riƙe leda a hannu, ko da takalmi ne a ciki, domin su duk leda abinci ce. Kular abinci ba ta fita daga but ɗin mota sai za a shiga ɗaki da ita, a ci a ciki, ƙofa da taga a rufe da sakata, saboda sun iya murɗa hannun ƙofa. In za a shiga ruwa, namiji babba guda ya zauna a kan kaya da sanda a hannu, a riƙa karɓarsa. Wasu na cewa na cika tsanani. Su faɗa.

Ruwan Wikki kansa shi ne abin da ban taɓa jin wanda ya kushe ba, sai wanda ya je ranar Sallah ko Kirsimeti. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa awo 31 dare da rana, rani da damina. Amma ranar biki cinkoso ne da kiɗa da hayaniya, magidanci mai iyali ba zai sake ba, matan gida kuwa ko ƙafa ba za su tsoma ba. Ka je tsakiyar mako, ka gangara bayan sallar asuba, za ka same shi kusan kai kaɗai. Kuma don Allah a bar sabulu da omo a ɗaki, kogin Gaji ruwan nan ke gangarawa, dabbobi ke shan sa.

Kada ka fita zagaye ba jagora, kuma kada ka sauka daga mota sai ya ce. Ka cika tanki tun daga Bauchi ko Alkaleri, ka duba safaya. Ka riƙe tsabar kuɗi, kada ka dogara da taransifa a tsakiyar daji. Ka kama ɗaki kafin ka taso. Ka roƙi jagora ya kai ka kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin baya suka sassaƙa a jikin dutse. Da yawa suna dawowa ba su ma san da su ba.

Masu neman raƙumin dawa da jakin dawa kuwa sun ɓata hanya tun daga gida. Ba Yankari za su ba, Sumu za su, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wannan wuri ya ba ni mamaki fiye da yadda na zata. Ƙarami ne a kan Yankari, ganin dabba ya fi sauƙi, kuma ga mai ƙananan yara da ba za su jure doguwar tafiya ba, ni can nake fara turawa. In ka je, kada ka wuce Kafin Madaki ba ka tsaya ka ga tsohon gidan Madaki ba, ginin ƙasa na shahararren maginin nan Babban Gwani. Ka ɗaga kai ka kalli bakan gizon soron, ka tuna babu siminti babu rodi.

'Yan'uwanmu na Gombe su ma suna da nasu. Ana kwasar yara a tafi Dadin Kowa da tunanin wurin wasa ne. Madatsar ruwa ce a kan kogin Gongola, tana aiki, daga nan garin Gombe ke shan ruwa, ga tashar lantarki mai megawat 40. Faɗin ruwan abin kallo ne, kifin ma ya isa dalilin zuwa, amma a nemi izinin ma'aikata kafin shiga ko ɗaukar hoto, kuma kada a bar yaro ya matsa bakin ruwa.

Wanda hutunsa ya kama dole da damina, ga inda zan tura shi: Tula, a ƙaramar hukumar Kaltungo. Ruwan da ke ɓata Yankari shi ke gyara Tula. Duwatsu sun yi kore, iska mai sanyi, kana saman tudu kana hango ƙasa har iya ganinka, ga tsohon kurkukun zamanin Turawa. Sai dai hawan na da lanƙwasa, a je da mota mai lafiyar birki da direba mai natsuwa.

Burmi, kusa da Bajoga, ita ce wadda na fi jin an ce ba ta biya wahala ba, kuma na fahimci dalili. Wanda ya je neman gine-gine zai tarar da fili ne da kaburbura. Kuskuren shi ne zuwa ba tare da sanin abin da ya faru ba. A nan ne a watan Yulin 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, a kan hanyarsa ta hijira zuwa gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato, ya tsaya da jama'arsa suka gwabza har aka kashe shi, aka kuma kashe Manjo Marsh na ɓangaren Turawa. Ka karanta wa yaranka wannan kafin ku tashi, ka nemi dattijon garin da zai zaga da ku, ka yi masa ihsani. Haka ma kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke cikin garin Bauchi: mutane na shiga su ɗauki hoto su fice cikin minti biyar, ba su leƙa ɗakin da aka ajiye kayansa ba, ba su tambayi abin da ya sa aka yi hanyar shiga da duhu kafin a fito sarari ba. Akwai ma'aikata a wurin, a tambaye su.

Ranar komawa kuma, ko daga Wikki ne ko Tula ko Bajoga, a kama hanya da azahar. Titin Bauchi zuwa Gombe da manyan motoci ya cika, direba ya gaji, yara sun gaji, kuma in taya ta fashe gara ta fashe da sauran rana, lokacin da masu faci ba su tashi ba.