Yadda Ake Haɗa Jinyar Damuwa ta Hira da Tattaki a Waje

Akwai mutumin da in aka zaunar da shi a ofis, aka rufe ƙofa, aka kafa masa ido, to bakinsa ya mutu ke nan. "Lafiya lau" da "ba komai" za a yi ta ji har lokaci ya ƙare. Amma a jera da shi a hanya, kowa na kallon gabansa, kafin minti goma ya fara fitar da abin da ke cin ransa. Wanda ya tashi a gidan da kallon babba ido cikin ido rashin kunya ne ya san dalili. A kan wannan aka gina jinyar hira da tattaki: masanin halayyar ɗan'adam da mai neman taimako su yi zamansu a ƙafa, a cikin itatuwa.

Dabarar ta daɗe. A 1910 Sigmund Freud, sanannen likitan ƙwaƙwalwa, ya duba Gustav Mahler, shahararren mai tsara kiɗa, suna zaga titunan Leiden a ƙasar Holan na kusan awa 4. Ta bazu sosai a 2020, lokacin da korona ta sa zama a rufaffen ɗaki ya zama abin tsoro, har ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Birtaniya ta fitar da jagora a kanta. A 2015 masu bincike a jami'ar Stanford sun gano cewa tafiyar minti 90 a cikin ciyayi da itatuwa ta rage wa mutane saƙe-saƙen zuci, alhali waɗanda suka bi gefen babban titi ba su samu haka ba. A 2019 kuma wani nazari na jami'ar Exeter a kan mutum kusan 20,000 a Ingila ya nuna cewa masu samun aƙalla minti 120 a mako a irin waɗannan wurare sun fi cewa suna jin daɗin jikinsu da ransu. Sai dai duka biyun tasirin tafiya da na wurin suka auna, ba jinya ba. Jinyar kanta tana nan a hannun ƙwararre, kuma fita waje ba ta sauke masa ko ɗaya daga ƙa'idojin aikinsa, ƙara masa wasu ma take yi.

Zaman farko a ɗaki ake yin sa

Ba a fara tattaki da wanda ba a tantance ba. A zaman farko ake auna nauyin damuwar, galibi da takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, mai maki daga 0 zuwa 27, a ajiye makin don kwatantawa gaba. Tsarin ya fi karɓar mai damuwa ko fargaba mara tsanani ko matsakaiciya, da mai juyayin rashi, da wanda gajiyar aiki ta cinye, da matashin da ke ganin ofis kamar ɗakin tuhuma. Bai dace da mai tunanin kashe kansa ba, ko mai jin muryoyi, ko wanda ke cikin maye. Haka mai larurar ƙin cin abinci, wanda zai mai da tafiyar hanyar ƙara ramewa. Wanda ya ga tashin hankali a daji, kamar wanda aka taɓa sacewa, itatuwan da ke kwantar wa wani hankali shi tayar masa za su yi.

A tambayi lafiyar jiki: ciwon zuciya, hawan jini, asma, farfaɗiya, ciwon gwiwa, juna biyu. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ya ci wani abu kafin fita, ya riƙe dabino 3 ko alewa a aljihu. A duba magunguna da kyau, domin nan ake yawan yin sake. Amitriptyline yana rage zufa, jiki ya kasa huce zafi. Chlorpromazine yana sa rana ta ƙona fata da wuri, ga jiri in an miƙe. Mai shan lithium kuwa in ya yi zufa da yawa bai sha ruwa ba, maganin na iya taruwa a jininsa har ya zama guba.

Maganar sirri

Wannan ce ta fi kowace wuya, don bango da ƙofa ne ke tsare sirri a ofis, a waje kuwa babu su. Tambayar da dole a warware kafin a sa takalmi ita ce: in muka haɗu da wanda ya san ka fa? A garuruwanmu ba "in" ba ne, za a haɗu. Kuma gaisuwa ba a tsaye take ƙarewa ba. "Ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki?" sannan a juyo: "Wannan fa, baƙo muka yi?" Ƙa'idar ita ce mai jinyar, wato ƙwararren, ba ya gabatar da kansa, ba ya kuma ƙarya. Ya ɗan ja gaba ya bar mai neman taimakon ya amsa yadda suka shirya tun a ɗaki, misali "Muna ɗan motsa jiki ne." In wanda aka haɗu da shi na mai jinyar ne, ya ɗaga hannu ya wuce, ya ba da haƙuri daga baya.

A kuma yarda da wata alama ta tsayar da magana in wani ya matso kusa, ko da "bari mu wuce nan" ce. Ba a ambaton sunan miji, kishiya ko maigida a wurin aiki. A sa musu laƙabi. Murya tana tafiya da iska fiye da yadda ake zato, musamman da sassafe.

Sai batun namiji da mace. A inda ganin su tare zai jawo tsegumi, kada a ɗora wa mace wannan kaya a kan wanda ta zo saukewa. Ko dai a haɗa ta da mace 'yar'uwarta, ko wani nata da ta zaɓa da kanta ya biyo su a baya da tazarar taku 30, yana gani amma ba ya ji. In shi ɗan rakiyar yana cikin abin da ke damunta, a koma ɗaki kawai.

Hanya da lokaci

Mai jinyar ya fara bin hanyar shi kaɗai, a ranar mako da sa'ar da za a riƙa fita, don wurin da ke shiru ranar Talata da safe yana iya zama filin ƙwallo da yamma. Ana son zagaye na kilomita 2 da rabi zuwa 3 da ke dawowa inda aka tashi, mai faɗin da mutum biyu za su jera, da inuwa, da wurin zama aƙalla guda a tsakiya, da hanyar yankewa in an gaji. Waya ta kasance tana kamawa ko'ina. Harabar jami'a, lambun shaƙatawa da layin darbejiya a unguwa mai shiru duk sun isa. Ba a shiga daji ko bayan gari don neman kyan wuri. Wanda ke waige-waige ba zai buɗe cikinsa ba. Wani abokin aiki ya san hanyar da lokacin dawowa, ba tare da sanin sunan wanda ake tare da shi ba.

Lokaci mafi kyau shi ne daga wayewar gari zuwa ƙarfe 8, ko bayan la'asar a gama kafin magariba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, safiya kaɗai ta rage. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri mai asma ya zauna a ɗaki. Da damina a bar doguwar ciyawa saboda maciji, kuma da an ji tsawa a nemi gini, ba gindin itace ba. Kowa ya riƙe ruwa rabin lita. Da azumi a rage zuwa minti 20 ko a jingine.

Yadda minti 50 ke tafiya

Minti 5 na farko na daidaita taku ne da tsayar da abin da za a tattauna yau. Minti 35 na tsakiya su ne aikin. Minti 10 na ƙarshe na saukowa ne: a taƙaita, a ba da aikin gida, a dawo da hankali kan abin da ke gaba.

Mai neman taimakon ne ke yanke sauri. Tafiyar motsa jiki takan kai taku 100 a minti. Wannan ta fi ta sanyi, kilomita 3 zuwa 4 a awa, yadda za a faɗi doguwar magana ba haki. Ƙafa kuma tana magana. Wani in ya zo kan abin da ke masa zafi sai ya ƙara sauri kamar ana bin sa, wani ya tsaya cik. Mai jinyar ya faɗi abin da ya gani: "Na ga mun ƙara sauri da muka zo maganar gidan." Tunda ba a ganin fuska sosai, kunne ne zai yi aikin ido: rawar murya, dogon numfashi, shirun da ya zo ba zato. Shiru a tafe ba ya da nauyin shirun ofis, kada a yi gaggawar cike shi.

In fargaba ta taso, a tsaya a zauna. A sa shi ya lissafa abu 5 da yake gani, 4 da yake taɓawa, 3 da yake ji a kunne, 2 da yake shaƙa, 1 da yake ɗanɗana. Mai yawan firgita a faɗa masa tun farko cewa tafiya na ƙara bugun zuciya, don kada ya ɗauka ciwon ne ya motsa.

Abin da ya fi ɓata wannan jinya shi ne ta rikiɗe ta zama hirar abokai. Babu tebur, babu agogon bango, sai a wayi gari ana siyasa da farashin masara, a ƙare da "mu tsaya wurin mai shayi". Maganinsa a tashi a kan lokaci, a gama a kan lokaci, a rabu a wuri guda kullum, kuma ba rage hanya a mota. Na biyu, buɗe babban rauni ana saura minti 5, mutum ya shiga kasuwa da jan ido. In magana mai nauyi ta ɓullo a makare, a yi mata alƙawarin zama na gaba, a ɗaki. Rubutu ba ya yiwuwa a tafe, ɗaukar murya a waya kuma kasada ce, don haka a rubuta bayanin zaman da zarar an rabu.

Bayan fita 4 zuwa 6 a zauna a ɗaki a sake cike PHQ-9. Saukar maki 5 ko fiye ana ɗaukar ta ci gaba na gaske. In makin ya ƙi motsi ko ya hau, ko barci da cin abinci sun ƙara lalacewa, a dakatar da tattakin a tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato ko na tarayya da ke Maiduguri. In kuwa maganar kashe kai ta fito a tsakiyar hanya, ba a barin sa shi kaɗai: a kira wani nasa da aka karɓi lambarsa tun a zaman farko, a wuce asibiti a ranar.